Ranar da Muka Ɗora wa Wutsiyar Jirgi Gero

Shekarun baya, lokacin da na fara tsayawa da ƙafata a harkar gwangwan a Kankiya, wani abokina mai walda a Kusada ya ƙera jirgin sama a tsakar gidan mahaifiyarsa. Na san wasunku sun fara dariya. Ku yi abinku, ni ma na yi tawa a lokacin. Sai dai ba jirgin kwali nake nufi ba. Jirgi ne mai kujera ɗaya da taya uku, biyu manya a gaba, ɗaya ƙarama a ƙarƙashin wutsiya. Farfelarsa ta katako ce da ya sassaƙa da hannunsa, injin kuwa na wata tsohuwar ƙaramar mota ne, irin mai inji a baya. Shekara uku ya yi a kansa, tsakanin gyaran garma da ƙera amalanken shanu, don da su yake ci.

Ni dai ban san komai a kan tashi sama ba. Sana'ata sayen ƙarfen da ya mutu. Garma ta karye, a kawo mini. Amalanke ta tsinke a hanyar Rimaye, a kawo mini. Kuma ina da wata ɗabi'a da abokan sana'a suke yi mini tsiya a kanta: ba na jefa ƙarfe a sikeli sai na juya shi na duba inda ya karye. Ba ya ƙara mini kilo ko ɗaya, son sani ne kawai. A haka na lura da wani abu. Da wuya ka ga ƙarfe ya karye a inda ba a taɓa shi ba. Kusan kullum a inda aka huda shi ne, ko inda aka yi masa walda, ko inda aka ɗaure shi da noti.

Yawancin fayif ɗin jirgin daga filina ya tsince su. Zai zo ya yi awa guda yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, mai nauyi ya yar, marar nauyi ya rungume. Yana ce mini Sarkin Bola, ina ce masa Kyaftin.

Da aiki ya kammala sai wata matsala ta fito wadda babu ita a zanen da ya samo a waya. Gidansu ginin da ne, zaure biyu, kuma ƙofar na ciki ba ta kallon ta waje, sai ka karkata. Fikafikan dama cire su ake yi, ba su da damuwa. Amma gangar jikin, daga hanci zuwa wutsiya, a haɗe take da walda, doguwa sambal, ga wutsiyar da faɗi kamar tabarmar sallah. Muka juya ta ta kai, muka juya ta ta baya, muka kwantar da ita a gefe. Ba ta ko shiga zauren farko ba.

Ina tsaye ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, tana zaune tana ɓarar gyaɗa.

"Inna, ɗan gefen katangar can za mu fasa. Kwana biyu mu maida ita kamar ba a taɓa ba."

Ba ta ko ɗago ba. "Ku fasa mi? Katangar da rumbuna ke jingine da ita?"

"Kaɗan ne hwa, Inna."

"Ba kai ka ce abin naka shina tashi ba? To ya tashi ya fita ta sama mana. Ga sama nan a buɗe, ban sa mata ƙofa ba." Sannan ta juyo kaina. "Kai kuma babban banza, kana kallo shekara uku shina gina abu, ba ka ce mashi ya auna ƙofa ba?"

Na ce, "Inna, ni kilo na iya aunawa."

Maganar katanga ta mutu a nan. Bayan mako ɗaya ya kira ni yana murna, wai ya sami dabara. Na je na tarar ya sa zarto ya yanke fayif biyun da suka taho daga bayan kujera suka riƙe wutsiya, na sama da na ƙasa, kamar kamu ɗaya kafin wutsiyar. Ya samo gajerun fale-falen ƙarfe ya sa wa kowane fayif gefe da gefe, ya huda su tare, ya zura noti ya ɗaure. In za a fita a kwance, in an fita a mayar.

Na ce, "Me zai hana in an fitar ka sake yi masa walda a waje, a huta?"

"In kwana da shi a ina? A titi, yara su maida mini shi lilo? Gida zai riƙa kwana. Yanzu jirgina na cirewa da mayarwa ne, Sarkin Bola. Ci gaba ke nan."

Gaskiya aikin ya yi kyau a ido. Ya shafa fenti, notin suna ƙyalli. Na kama wutsiyar na girgiza, ba ta motsa ba. Na ce ma sha Allah, na tafi harkata.

Aka sa ranar gwaji bayan an gama girbi. Akwai wani faƙo ta wajen Kaikai, shimfiɗaɗɗe, mai tauri kamar daɓe, ko ciyawa ba ta fita. Nan ya zaɓa. Niyyarsa ya yi gudu a ƙasa sau biyu ko uku, in ya ji abin ya yi sauƙi a hannunsa ya ja ya ɗaga. Bayan la'asar, lokacin da iska take kwanciya.

Kai jirgin can shi ne aiki. Wani kawunsa da ke zaune kusa da faƙon ya zo da bijimai biyu da amalanke da hantsi. Aka fito da gangar jiki, aka mayar da wutsiya a ƙofar gida aka ɗaure tam. Aka shimfiɗa fikafikai a kan amalanke. Jikin kuwa sai aka juya shi, aka ɗaga ƙarshen wutsiya aka ɗora a bayan amalanke aka tamke da igiya, manyan tayoyin suna bi a ƙasa. Wato jirgi ya kama hanya da baya, shanu suna jan sa ta wutsiya. Duk wanda ya san yadda muke ɗaure garma a bayan amalanke in za a gona ya san daga ina dabarar ta fito. Babu wanda ya ga laifinta, har da ni.

Na bi su a baya a babur, a hankali, ƙafata tana jan ƙasa. Ba don taimako ba, son kallo ne. Hanyar kuwa kun san ta: a hau kunya, a faɗa kwari, a ratsa inda ruwan damina ya zaizaye. Da yake ba ni da abin yi sai kallo, idona ya tsaya a kan mahaɗar nan. Da farko jiki da wutsiya tare suke tsalle, abu ɗaya. Muna wuce rabin hanya sai na ga kamar sun fara saɓani. In taya ta faɗa rami, jiki ya sauka, sai mahaɗar ta ɗan gyaɗa kamar kan ƙadangare. Kaɗan ne ƙwarai. Na ce wa kaina wataƙila rana ce take wasa da idona.

Muka isa wajen azahar. Mutane sun riga mu, daga Kusada, daga ƙauyukan kewaye, har da Fulani da suka tsaya da sandunansu a kafaɗa. Mai rake ya kafa baro. Aka sauke jirgi, abokina ya shiga ɗaura fikafikai, ni kuma na zagaya baya na tsuguna.

Na goga yatsa a ƙarƙashin notin sama. Ya fito da baƙin gari mai laushi kamar kwalli. Wannan garin na san shi. Duk amalanken da aka kawo mini ta tsinke, ina samun sa a inda ƙarfe biyu suka daɗe suna cin juna. Na leƙa da kyau. Fayif ɗin da yake kewayayye ya ɗan lotsa a tsakanin fale-falen, kamar karan dawa da aka taka.

Na kira shi gefe. "Kyaftin, zo ka ga."

Ya zo yana goge hannu, ya taɓa, ya yi tsaki. "Sassautawa ya yi a hanya. Ba ni sufana." Ya ja notin har sau biyu. "Ga shi nan, ya ɗauru."

"Bai ɗauru ba. Fayif ɗin ne yake ƙara lotsewa. Cikinsa fayau ne, babu abin da ya tokare shi. Ka ja sau goma, sau goma zai ba ka hanya."

"Kai da ba ka taɓa riƙe walda ba."

"Ban taɓa ba. Amma duk abin da kuka yi wa walda, ni ake kawo wa gawarsa."

Muryarmu ta ɗan tashi, mutane suka matso. Wani mai faci da na sani tun muna yara ya ɗaga murya daga baya: "Ku bar ɗan gwangwan! Kilo ya hango. So yake a ce jirgi ya lalace ya saye shi a sikeli." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don akwai ƙamshin gaskiya. Tun ranar da na fara ganin jirgin na ƙiyasta nauyinsa a zuciyata. Ba da mugun nufi ba, idon ne ya saba. Ko masallaci na shiga na ga sabuwar ƙofar ƙarfe, sai na yi istigfari.

Amma abokina bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya dubi taron, ya ce a hankali, "Shekara uku, mutumina. Ka dubi jama'ar da ta taru. Yau za ka ce mini in fasa saboda baƙin gari a yatsanka?"

Na ga in na ce masa zai mutu, ba zai ji ba. Ya riga ya shirya wa wannan maganar amsa tun shekara uku, kowa ya faɗa masa ita. Sai na bi ta wata hanya.

"Ban ce ka fasa ba. Tambaya ɗaya. In ka gama ƙera wa manomi amalanke, haka kake miƙa masa?"

"Ka sani ai. Sai na loda mata buhuna na ga ta ɗauka."

"Amalanke ke nan, wadda in ta karye mutum zai faɗo daga tsayin ƙugu ya tashi ya kaɗe riga. Ita kake wa gwaji. Wannan fa, wa ya loda masa?"

Kawunsa, da yake tsaye yana ba bijimansa harawa, ya ce, "Wagga magana ta shiga kunnena. Ni ma ban karɓi tawa ba sai da ka ɗora mata masara."

Na tambayi abokina ko ya san nauyin da iska take dannawa a kan wutsiya in ana tafiya. Ni ban sani ba, ban ma san ana sani ba. Ashe yana da shi. Ya zaro wani littafi da ya sha maiko daga aljihu, ya nuna mini inda ya kwafo daga zanen asali: nauyin da masu zanen suka ce wutsiya ta iya ɗauka kafin a yarda da ita. Ya rubuta, ya ja masa layi, amma bai taɓa gwadawa ba, don a zanen babu yanka a wurin.

Na ce, "To ga sikelina a jakar babur. Mu ɗora mata daidai abin da littafinka ya ce. In ta ɗauka, ni zan murɗa maka farfela da hannuna."

Kawu ya aika gida aka kawo buhun gero sabon sussuka, da tsofaffin buhunan taki, da turmi. Matarsa ta biyo turmin da kanta, wai ba ta yarda da mu ba. Muka yi sallar azahar, muka zauna muna ƙulla gero ƙunshi-ƙunshi, ina ratayawa a sikeli, har jimillar ta kai abin da ke littafin. Muka ɗaga bayan jirgin muka sa turmi a ƙarƙashin jiki, gaba kaɗan da mahaɗar, da ninkakken buhu a kai, yadda wutsiya za ta tsaya a iska ba abin da ya tallafe ta sai notin nan. Mutum huɗu suka danne gaba.

Abokina da kansa yake ɗorawa. Ɗaya dama, ɗaya hagu, a kan shimfiɗar wutsiyar. Ni kuma na ɗora yatsa a kan mahaɗar sama, daidai inda bakin fayif biyu suka haɗu. Abin da na fi tunawa ba tsoro ba ne. So nake in sani. Rabina yana addu'ar ta ɗauka in ji kunya, rabina yana son ganin ko abin da na koya a bola yana aiki a kan jirgi.

Ƙunshi na huɗu, shiru. Na shida, na ji tsagar tana buɗewa a ƙarƙashin yatsana, kamar kaurin farce. Na takwas, aka ji wani ɗan ƙas.

"Turmi ne," in ji shi.

"Turmina bai taɓa yin wannan kukan ba," in ji matar kawu.

Ba mu kai rabin geron ba. Ya ɗora na gaba, bai gama janye hannu ba, sai wutsiya ta fara sunkuyawa. Ba ta karye da ƙara ba. A hankali ta yi ƙasa kamar raƙumi zai durƙusa, fayif ɗin sama ya yage daga ramin noti zuwa bakin yanka, na ƙasa ya lanƙwashe, ƙunshin gero suka zame ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka fashe.

Sai kawu ya ce, "To. A tattara mini gerona." Wasu suka yi dariya, wasu suka fara salati, mai rake ya ci gaba da fere.

Abokina ya zagaya ya hau kujerar jirgin ya zauna. Na ɗauka ransa ne ya ɓaci, na matsa kusa. Akwai wata sanda a tsakanin ƙafafun matuƙi, wadda waya ta tashi daga gare ta zuwa wutsiya. In ka ja ta, wutsiya ta motsa, hancin jirgi ya ɗaga ko ya sauka. Ya kama ta ya ja. Ta taho har cikinsa, sakwaf, babu abin da ya riƙe ta. Ya tura ta gaba, ta tafi. Ya sake ja. Wayar tana kwance a ƙasa kamar igiyar shanya da ta tsinke.

Ya ɗago ya dube ni. "Da yanzu ina sama," ya ce, "da wannan nake ja."

Na koma baya na kwance notin, don hannuna ya sami aiki. Ramin da aka huda kewayayye ya zama kamar ƙwallon dabino. Yagewar kuwa kala biyu ce: daga bakin rami zuwa tsakiya baƙa, ta sha gogayya, sauran fara tas, sabuwa. Na kai masa guntun fayif ɗin da ya yage har kujera. Na ce, "Dubi nan. Farin ne kawai aikin gero. Baƙin tun a hanya ya fara, bijimai ne suka yi shi." Ya karɓa ya daɗe yana juyawa, sannan ya sa a aljihu.

Mako biyu bai neme ni ba, ni ma na ba shi fili. A gari kuwa labari ya zama na sa an karya jirgi da gangan. Ranar da ya zo filina, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ce ya je Zariya. An haɗa shi da wani dattijo da ya yi aikin gyaran jirage har ya yi ritaya, ya kai masa guntun fayif ɗin. Ni kuwa na rufe ciniki na ce ya faɗa mini komai, kada ya rage.

Dattijon ya ce ana yin wutsiya mai cirewa, ba haram ba ne, amma ba a huda siririn fayif a matse shi da noti haka nan. Sai an sa masa wani ƙarfe a ciki da zai tokare shi. Rami kuma ba a yin sa dab da bakin yanka. Notin ma na musamman ne, kuma ana soka masa ƙusa don kada girgiza ta kwance shi. Sannan duk ƙarfen da ka ƙara a can baya, komai ƙanƙantarsa, ya canza yadda jirgi yake daidaita, sai an sake auna shi gaba ɗaya. Abin da ya fi tsaya mini shi ne na ƙarshe. Ya ce gwajinmu ya yi, amma gero dannawa kawai yake yi. Iska tana dannawa, tana ɗagawa, tana murɗawa, tana girgizawa, duk a lokaci guda. Wutsiyar da ta faɗi a gero tabbas ba ta da kyau. Wadda ta ci gero kuwa, ba a ce ta tsira ba tukuna, sai masu sani sun duba.

Ya sake aikin yadda aka gaya masa. Wata huɗu ya ɗauka. Muka koma faƙon, wannan karon a bayan babbar mota, muka ɗora gero duka, ta ɗauka ko gezau. Ya tayar da inji ya yi gudu, wutsiya ta ɗaga daga ƙasa, tayoyin gaba suka ƙi. Ya gwada har mai ya ƙare. Injin ya yi wa jikin nauyi. Jirgin nan bai taɓa barin ƙasa ba, kuma ban san ko in ce alhamdu lillahi ko in ce kaico ba. Na faɗi duka biyun a ranar.

In na tuna abin yanzu, ba jarumta nake gani ba. Ni ma na girgiza wutsiyar da hannu na ce ma sha Allah. Ni ma na ga ana ɗaure ta a amalanke ban ce uffan ba. Da babur ɗina yana gaba ba a baya ba, da ban ga komai ba. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, wanda ya zana abu ya san dalilin da ya sa bai yanka a wani wuri ba, ko da bai rubuta maka dalilin ba. Mu kuma in ƙofa ta matse mu sai mu yanka, mu shafa fenti, mu duba da ido mu ce ya yi. Kuma na koyi cewa in kana son hana mai zuciya abu, kada ka tsorata shi da mutuwa. Ka tuna masa yadda shi da kansa yake aiki in babu taro a kansa.

Har yau akwai waɗanda in na wuce a kasuwar Kusada suke cewa ga wanda ya hana mu ganin jirgi. Ba na musu da su. Abokin nawa yana nan, furfura ta fara fito masa, 'ya'yansa biyar, amalankensa ake nema har Sukuntuni. Watan jiya ya zo filina ya yi awa guda yana ɗaga fayif, mai nauyi ya yar, marar nauyi ya rungume. Na ce ba dai wani za a sake ba. Ya gama ɗaure su a babur, ya taka kik.

"Ka tanadi sikelinka," ya ce. "Geron ni zan kawo."